Wa Ya Taɓa Kan Aisa?

A Lamorde, in ka tambayi gidan Haoua Mai Yaji, ko ƙaramin yaro zai nuna maka: ƙofar kwano mai shuɗin fenti, da teburin yaji da daddawa a gindin dogon yaro. 'Yar Damagaram ce. Tana amarya ta zo Yamai, a bayan motar kaya, ita da mijinta Mutari tela da kekensa na ɗinki. Shekara talatin da 'yan kai ta yi tana tsallaka gada kowace safiya zuwa kasuwar Peti Marshe, kafin gwiwoyinta su ce sun gaji, ta dawo da sana'ar ƙofar gida.

Kasuwa ce ta koya mata rashin yarda, kuma ta koya da kyau. A can ta ga barkonon da aka cuɗa da jar ƙasa, ta ga citta mai kyau a sama ruɓaɓɓiya a ƙasa, ta ga mai rantsuwa da Allah yana danna ma'auni da ɗan yatsa. Tun daga nan duk abin da aka miƙo mata sai ya bi ta hancinta tukuna. Maƙwabta sukan ce Haoua ko ruwan Zamzam aka ba ta sai ta sansana. In ka gaishe ta da fara'a fiye da kima, sai ta yi shiru tana jiran ta ji abin da ya kawo ka, don a wurinta banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mutari ya rasu da jimawa. 'Yarsu guda, Farida, ita ma ta bi shi, ta bar yarinya 'yar shekara uku mai suna Aisa. Uban yarinyar, Yacouba, direba ne mutumin garin Tawa, yana can da iyalinsa. Ranar addu'ar arba'in dangi suka zauna, aka bar Aisa hannun kakarta bisa sharaɗi ɗaya: muddin tsohuwa tana da ƙarfin riƙonta. Ran da ta kasa, yarinya ta koma gidan ubanta. Yayar Yacouba, Balkissa, tana aure a Gudel, ita ce idonsa a Yamai. Duk wata sai ta ƙetaro kogi wai ta zo gaisuwa, amma tana gaisuwar tana leƙa tukunya, tana duba wuyan yarinya da diddigenta. Haoua ba ta da kowa a duniya sai Aisa, kuma ta san wannan gaisuwa bincike ce.

To, ga abin da Balkissa ba ta gano ba. Shekara biyu ke nan yanar ido ta rufe wa Haoua idanu. Haske tana gani, da duhu-duhun mutum in ya gifta, amma fuska babu. Ta ƙi zuwa likita, don ta tabbata kafin ta dawo gida labari ya riga ta isa Gudel. Tsakar gidanta ta san shi kamar tafin hannunta, yaji kuwa da ma da hanci take sayar da shi, masu saye ta san su da murya. In za a fita, Aisa ce ke riƙe mata hannu, mutane suna cewa kai, jikar nan akwai son kakarta. Aisa, 'yar shekara tara, ta sani sarai. Ba su taɓa maganar ba ko sau ɗaya.

Abu guda ne ya fi ƙarfin dabara, shi ne kitso. Haoua ta iya kitso tun tana budurwa, kuma kowace Asabar sai ta dasa Aisa tsakanin gwiwoyinta. Yatsu ba su manta aikinsu ba. Sai dai tsaga aikin ido ce, haka nan ganin abin da ke yawo a cikin gashi. Ta sha jin yarinyar tana susa, ƙarar farce a kan fata, sai ta ce zafin gari ne. Sannu a hankali Aisa ta fara zille wa Asabar: yau kanta na ciwo, gobe akwai karatu, jibi kitson bai tsufa ba. Har wata guda ya wuce.

Wata Alhamis da la'asar yarinyar ta dawo daga lakwal, wato makaranta, a gajiye, ta ɗora kai a cinyar kakarta, ɗankwalin ya zame. Hannun Haoua ya sauka a kan, ya tsaya cak. Wannan ba aikinta ba ne. Layi goma sha biyu, kowanne miƙe sambal daga goshi har ƙeya. Ta sunkuya ta sansana, ta ji warin wani magani irin na farmasi. Ta laluba yatsun yarinyar, ta ji an yanke akaifa an gyara gefensu.

"Ke, wa ya taɓa miki kai?"

Aisa ta jawo ɗankwalin tana ƙoƙarin rufe kan.

"Ba da ke nake ba?"

"Madam ce, Iya, malamarmu. Madam Ramatou. In an kaɗa ƙararrawar shan iska."

"Sau nawa?"

"Huɗu."

Duk macen da ta taso a gidan mutunci ta san ƙa'idar kitso: gashin da ya zube a mataji na mai kan ne. A dunƙule shi a ba uwar yarinya, ta binne ko ta tura a ramin katanga, don kada ya faɗa hannun wanda zai kai shi inda ba a so. Haka akaifa.

"Ina gashin da ta taje? Ina akaifar?"

"Tana ƙunshewa a takardar kaye, littafin rubutu," in ji Aisa, murya can ƙasa. "Ta rubuta sunana a kai. Suna cikin aljihun teburinta."

Gashi, da akaifa, da suna a rubuce, a ƙunshe cikin takarda. Tsoro ne ya kama Haoua, tsoro na gaske, ba irin na kasuwa ba. Me ya rage a nan, ban da a kai wa boka?

Washegari ta sa maƙwabciyarta Fatuma, wadda ba abin da ke wucewa a unguwa ba ta ƙyalla ido ba, ta binciko mata ko wace ce wannan Madam. Kafin azahar Fatuma ta dawo da kaya niƙi-niƙi. Bana aka kawo ta. 'Yar kwantaragi ce, ba a ɗauke ta aikin dindindin ba. Shekara bakwai da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Sannan ta rage murya ta ƙara da cewa, mutuniyar Tawa ce.

Shi ke nan, biri ya yi kama da mutum. Haoua ta zauna a bayan teburinta tana jera zato kamar yadda take jera ƙullin yaji. Ko dai matar tana neman haihuwa ne aka ce ta kawo gashin marainiya. Ko tana son ta juye zuciyar yarinyar zuwa gare ta, ga shi kuwa kwanan nan ba a jin komai a bakin Aisa sai Madam ta ce kaza, Madam ta ce kaza. Ko kuma, wanda ya fi duka muni, Balkissa ce ta dasa ta, 'yar garinsu, ta riƙa tara mata shaida. In ba haka ba, malamar da aka ɗauka ta koyar da lissafi da Faransanci, me ya haɗa ta da kan 'yar mutane? An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma Haoua ta daɗe da yanke cewa gara zunubin da a yi mata sakiyar da ba ruwa.

Da ta tsaya nan ta je ta sami Madam su biyu, da labarin ya ƙare a ranar. Amma zuwa wurin Madam yana nufin a zauna ido da ido, ita kuwa ba ta da idon. Sai ta kai ƙararta inda ta fi ƙarfi, wato bakin teburinta. Duk matar da ta zo sayen daddawa sai ta tafi da gyara: kin san ana tara gashin 'ya'yanku a lakwal? Kafin Lahadi magana ta yi reshe. Wasu sun ce an ga Madam da baƙin zakara. Wasu sun ce tuni wata yarinya ta fara sambatu. Iyaye suka yi cincirindo gidan direktan makarantar, Mushe Ƙasimu, ya ce a haɗu ofis ranar Litinin da hantsi.

Aisa ta riƙe hannun kakarta har ƙofar ofis. Suna shiga Haoua ta ji wani ya matso da kujera a hankali har ta taɓa mata ƙwauri, aka kama hannunta aka ɗora a kan makarin kujerar. Wata murya mai taushi ta ce, "Zauna, Inna." Ba ta san muryar ba, amma ta ji warin alli, ta gane mai ita. Ta fizge hannunta ta zauna.

Sai ga ƙarar takalmi ƙwas-ƙwas daga waje, da wani turare da ta sani ko cikin barci. Balkissa. Maganar da ta shuka a bakin tebur ta tsallaka kogi. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

"Ina kwana, Inna," in ji Balkissa. "A bakin mutane zan ji ana yi wa 'yar ƙanena asiri?"

Mushe Ƙasimu ya yi gyaran murya ya buɗe zama. Ya tambayi Madam ko gaskiya ne tana yi wa yara kitso. Ta ce gaskiya ne, yara biyar, da yanke akaifa ga wanda ta ga ya kamata.

"Aikinmu alli da allo ne, Madam," in ji shi. "Ba a ba mu mataji ba."

"Haka ne, Mushe. Amma yarinyar da 'yan'uwanta ke matsawa daga bencinta, ban san yadda zan sa mata karatu a kai ba."

Da aka zo maganar gashi, sai ta ce kowace yarinya tana ba ta nata a ƙunshe ta kai gida, sunan kuwa don kada na wata ya shiga hannun wata. Nan iyayen sauran yaran huɗu suka fara 'yan tari. Ɗaya ta ce ai kuwa an kawo mata wata takarda, ta ɗauka shara ce. Wata ta ce ita ta binne nata tun tuni, ta biyo jama'a ne kawai. Ɗaya bayan ɗaya suka tuna sun bar tukunya a wuta. Ofis ya rage daga direkta, sai Madam, sai Balkissa, sai Haoua da jikarta.

Mushe Ƙasimu ya ja aljihun teburin da aka ɗauko daga aji. Haoua ta ji takardu suna sauka, ɗaya, biyu, uku, huɗu.

"Duka huɗun sunan Aisa ne," in ji shi. "Na kowa ya je gida, ban da nata. Me ya sa?"

Haoua ta gyara zama. Ashe dai hancinta bai yi ƙarya ba.

Balkissa ba ta jira amsa ba. "Ni tambayata biyu ce, Madam. Me kika ajiye gashin nan ki yi da shi? Sannan me kika gani a kan yarinyar har kika sa hannu? Ba ta da mai yi mata a gida ne?"

Sai a lokacin Haoua ta ga ramin da ta haƙa. Madam ba ta bukatar komai don ta wanke kanta sai ta faɗi abin da ta tarar a kan nan, kuma Haoua, da warin maganin farmasi a hancinta tun Alhamis, ta riga ta san ko mene ne, ta ƙi dai yarda ne. Kalma biyu sun isa: ƙwarƙwata, da karkatacciyar tsaga. Balkissa ba yarinya ba ce, za ta haɗa sauran da kanta.

"Ban ga komai ba, Hajiya," in ji Madam Ramatou. "Kakarta tana kula da ita sosai. Ni ce dai da karambani, na ga gashi mai kyau hannuna ya yi ƙaiƙayi. Takardun kuwa mantuwa na yi."

"Sau huɗu?" in ji direkta.

"Sau huɗu, Mushe."

Shekara talatin Haoua tana sauraron maƙaryata, ta san sautin ƙarya kamar yadda ta san warin daddawar da ba ta nuna ba. Wannan ƙarya ce, babu shakka. Amma a karo na farko a rayuwarta ta ji an yi ƙarya a gabanta ba don a cuce ta ba. Sai ta ji numfashin Aisa a kunnenta, da ɗumi.

"Iya, ni na ce ta ajiye. Na ce in na kawo gida za ki gane, ranki ya ɓaci. Ta ce ba za ta zubar ba, naki ne, sai ran da kika zo da kanki."

Kunya ta rufe Haoua. Matar nan ta san komai tun ranar da ta fara kwance kan yarinyar, ta kuma yi shiru.

Mushe Ƙasimu ya tattara takardun. Ya ce shi bai yarda da maganar asiri ba, amma unguwa ta ɗauki zafi, ga gashin 'yar mutane a tebur ba tare da wani dalili ba sai mantuwa. Dole ya rubuta wa anspekta, mai duba makarantu. "Kin kuwa san yadda ake yi da 'yan kwantaragi, Madam. Ba a daɗewa ana tunani a kansu."

"Na sani, Mushe."

Aka ji ya cire murfin bik, wato biro. Aka ji bik ya fara tafiya a kan takarda.

Ba za a ɓoye ba, Haoua ta yi shiru, kuma shirun ya yi tsawo. Zuciyarta tana ce mata ki kama bakinki, tsohuwa. Madam yarinya ce, ta yi boko, za ta sami wani aikin. Ke wa za ki samu? Layi nawa ya rage a takardar nan, ki tashi da jikarki ku koma gida, Balkissa ta koma Gudel hannu rabbana. Ta saurari bik ɗin ya kai ƙarshen layi ya dawo, ya sake kaiwa ya dawo. Hannun Aisa yana cikin nata, kuma a hankali ta ji yarinyar tana zare shi.

"Mushe," in ji Haoua, "ajiye alƙalaminka."

Bik ya tsaya.

"Malamar nan ƙarya take yi maka, don ta rufa mini asiri. Ƙwarƙwata ta tarar a kan jikata, ta sayi magani ta kashe. Ni ban gani ba. Ba na gani. Shekara biyu ke nan rabona da fuskar Aisa." Ta juya wajen da turaren yake. "Kin ji, Balkissa. Abin da kike ƙetaro kogi nema ke nan, yau ga shi na ba ki da bakina."

Can Balkissa ta ce, da wata murya da Haoua ba ta san ta da ita ba, "Haba Inna. Shekara biyu? Da wuta, da wuƙa, da titi, ke da ƙaramar yarinya?" Ba faɗa a ciki, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Direkta ya yaga takardarsa. Balkissa ta fita da waya a hannu, ana jiyo ta daga baranda tana cewa, "Yacouba, kana jina? Tsaya gefen hanya, magana ce."

Yacouba bai yi rashin mutunci ba. Ya ce a kai Inna likita, ya ce yarinya ta ƙarasa shekarar karatu. Amma sharaɗi sharaɗi ne, da an yi babban hutu zai zo ya ɗauke ta. A likita aka ce idon dama ya wuce gyara, na hagu wataƙila, bayan damina. Haoua ta roƙi a jira bayan daminar. Aka ce mata in ta warke, Aisa za ta riƙa zuwa hutu.

Tun daga ranar ofis Haoua ba ta sake jin muryar Madam ba, ita ma ba ta san da wane baki za ta neme ta ba. Sai ranar Asabar, ana gobe tafiya, da hantsi, aka yi sallama a ƙofar kwano.

"Na zo yi wa Aisa kitson tafiya, Inna, in kin yarda."

Haoua ta laluba ta tura mata tabarma. "Kitson jikata ni zan yi," ta ce. "Ke dai ki tsaga mini."

Haka aka yi. Aisa ta zauna tsakanin gwiwoyin kakarta, Madam ta durƙusa a gefe da tsinke tana fitar da layi, tana ɗora yatsan tsohuwa a farkonsa. Hali dai ba ya barin mai shi, don kowace tsaga sai Haoua ta bi ta da ɗan yatsa tun daga goshi har ƙeya kafin ta yarda ta miƙe. Da aka fitar da ta farko ta ce ta yi faɗi, a rage. Aka rage, ta ce a ƙara ragewa.

"Inna, a haka sai mu kai la'asar," in ji Madam.

"Mu kai."

Suka wuce azahar suna yi. Ƙananan layuka, siri-siri, tsohuwa tana kama gashin tun daga tushe tana jan sa tamau, kamar ba ita ce gwiwa da baya suka dama ba. Wajen layi na ashirin Aisa ta fara mutsu-mutsu.

"Wayyo Iya, da zafi. Kin cika ja."

"Yi haƙuri, 'yar nan," in ji Haoua, hawaye suna sauka a kan tsagar da ba ta gani. "So nake ya daɗe. Ban san wa zai duba miki kai a can ba."